Sallar da Na Bar Ummi a Nkembo

Bana layya ta zo mana cikin rani. Ranin Libreville ba irin namu na Garwa ba ne: sama takan rufe ta yi toka-toka, ba rana ba ruwa, da safe har sai mutum ya nemi mayafi mai kauri. Tun farkon makon nan motocin raguna suke shigowa daga arewa, kukansu yana iso mu har cikin gida a unguwar Nkembo. Yara murna suke yi da kukan nan. Ni kuwa in na ji raguna da yawa suna kuka tare, gabana ne yake faɗuwa, domin yana mayar da ni shekarar da layya ta faɗo tsakiyar damina, shekarar da na haifi Ummi.

Lokacin ban daɗe a Gabon ba. Da tsohon ciki na biyo maigidana, Malam Sabi'u, wanda ke da ɗan shagon takalma da jakunkuna a kasuwar Mont-Bouët. A wancan zamanin mu 'yan Kamaru ma sai da biza muke shigowa. Ya nema mini katin zama, bai fito ba. Aka yi mini ƙarin biza sau ɗaya a nan, aka ce ba za a sake ba, in ta ƙare sai dai na fita Yawunde na karɓo sabuwa. Ita kuwa ba ta tashi ƙarewa ba sai a makon sallah.

Gidan da muke haya ɗakuna ne a jere, rufin kwano, famfo ɗaya a tsakar gida. A waccan daminar kusan kullum da la'asar hadari yake haɗowa daga wajen teku. Da mun ga ya yi baƙi, sai mu mata mu hau ɗage katifu da buhunan shinkafa da tukunyar gas bisa benci, saboda kwatar bayan gida takan cika ta shigo mana har ƙarƙashin gado. In ruwa ya tsaya mu fito da bokitai, mu yi layi muna kwashewa muna miƙa wa juna. Sannan zafi ya dawo, mai danshi, irin wanda yake manna riga a jiki. Tsummokaran Ummi ba sa bushewa, sai dai na bi su da dutsen guga.

Ɗakin da ke kusa da nawa na Yaya Barira ne, 'yar Maraɗi, mijinta direban babbar mota. Ita ta yi mini wankan jego, ita ta koya mini yadda ake ciniki da matan nan masu sayar da kifi. Tana goyon ɗanta Habu, wanda ya girmi Ummi da kaɗan.

Na so na zauna kawai na yi shiru, kamar yadda wasu suke yi. Amma na taɓa gani da idona an tsayar da mota a mararrabar unguwarmu ana duba takardu, ana hawar da waɗanda ba su da su. Wata mata tana riƙe da cefanenta aka hawar da ita, tana ta kiran sunan ɗanta. Malam Sabi'u ya ce gara wahalar tafiya da wannan. Shi ba zai iya raka ni ba, nasa katin yana wajen sabuntawa, in ya fita ba zai shigo ba. Sai ya haɗa ni da Hajiya Dije, wata dattijuwa 'yar Ngaundere mai sayar da turare da atamfa a Akébé, wadda ta saba bin hanyar.

Ita ce ta fara cewa ba za a tafi da Ummi ba.

"Takardar haihuwarta ta fito?" ta tambaye ni.

Na ce ba ta fito ba tukuna.

"To, 'yar nan, ki ji ni. Jinjira ba takarda, ke kuma bizarki na gab da mutuwa? A kontirol na farko, inda jami'ai ke tare hanya, za a ce sato ta kika yi. Ki bar ta gida. Lahadi mu tashi, Talata mu ba da fasfo, Laraba mu karɓa, ranar Arfa kina ɗakinki kina kitso."

Muka sayi madarar gwangwani da bibiro, kwalbar nan ta shayar da jarirai, na fara gwada mata. Da na sa mata a baki sai ta turo shi da harshe ta kalle ni. Yaya Barira ta ce, "Bar ta, ƙanwata. Yunwa za ta koya mata. Ke dai ki tahi ki komo lahiya."

Ranar Lahadi bayan asuba na ba ta nono har ta yi barci, bakinta a buɗe. Na kwantar da ita a gadon Yaya Barira kusa da Habu. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan fita ba.

Ƙaramar bas muka shiga. Ban taɓa ganin dajin Gabon da ido ba, domin a jirgi na zo. Bayan mun wuce Kango sai itatuwa suka rufe mu ta kowane gefe, dogaye, masu duhu, ba ka hango komai bayansu. Mutumin Garwa ya saba ya ɗaga ido ya ga ƙarshen duniya. A nan hanya ce kawai da kore. Kowane kontirol sai mu sauka mu miƙa fasfo, jandarma ya duba kwanan wata ya dube ni ya ce, "Madam, gobe ke nan fa." Na ce eh, fita zan yi.

Ruwa ya same mu kafin Ndjolé. Direba ya rage gudu, muna bin gefen dutse, kogi yana can ƙasa ja wur. Bayan garin da kaɗan muka tarar da layin motoci a tsaye. Gefen tsauni ne ya zubo bisa hanya, jar laka da itatuwa da saiwoyinsu, wata motar gungume kuma ta zame ta gitta a ciki. Ba gaba, ba a kuma iya juyawa, don motoci sun riga sun toshe bayanmu.

A ɗaya ɓangaren motocin raguna ne da suka taso daga Kamaru, su ma a tsaye. Ragunan sun sha ruwan sama, ga yunwa, ga matsi, suka haɗa kuka, dajin yana mayar da shi. Ba su yi shiru ba ko na ɗan lokaci.

Na ciro wayata, babu ko layi ɗaya na sabis. Na hau wani tudu na ɗaga ta sama, na zagaya, babu.

Kafin la'asar ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar duwatsu. Hajiya ta lura da yadda nake riƙe hannuwana nesa da jiki, ta ja ni bayan wata bishiya, ta ware zanenta ta kare ni. Na durƙusa ina tatsewa a ƙasa. Fari tas bisa jar laka. Nan da nan tururuwa suka taru. Na tsaya ina kallonsu suna sha, na ce a raina, yanzu Ummi tana can tana turo bibiro da harshe.

"Kada ki yi kuka," in ji Hajiya. "Kuka yana ƙara kawo shi."

A wurin muka kwana cikin mota, tagogi a rufe saboda sauro. Da gari ya waye maza suka ce ba za su zauna jira ba. Direbobi suka fito da adduna da shebur, mutanen wani ƙauye da ke kusa suka zo da nasu. Masu raguna suna haƙowa daga can, namu suna haƙawa daga nan, ana kiran juna da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Mu mata muna jan rassa muna shimfiɗawa inda taya za ta taka. Laka har gwiwa. Abincin da muka riƙo ya ƙare tun jiya, sai ayaba da dafaffen rogo na cikin ganye da matan ƙauyen suka kawo. Ga nama a rataye sun kawo, amma ba mu san ko na mene ne ba, ba mu taɓa ba. Wani mai raguna ya yanka guda da ya ga zai mutu, aka gasa aka rarraba.

Ina jan reshe ina kallon rana tana tafiya. Ranar ce ta ƙarshe a bizata. Duk abin da muka kwashe, da yamma ruwa ya sake zubo da wani. Sai washegari katafilar masu yankan katako ta zo ta ja motar gungumen, aka buɗe gefe ɗaya.

A Oyem sabis ya dawo. Na kira Malam Sabi'u.

"Lafiya lau muke," ya ce da sauri. "Ku fa? Mun yi ta kira."

"Ummi fa? Tana sha?"

"Tana nan."

"Baban Ummi, tana sha?"

A bayansa na ji wani ɗan kuka siriri, kamar na mage, ba muryar da na sani ba. Ya ce, "Za ta sha in sha Allahu. Ke dai ki kula da hanya." Layin ya yanke.

Muka isa iyaka da azahar, bakin kogin Ntem. Ga gada, ga Kamaru can ƙetare ina ganinta. Hajiya ta ce na tsaya bayanta, kada na yi magana sai an tambaye ni. Aka buga mata hatimi ta wuce. Na miƙa nawa ga wata jami'a, mace mai jiki, da tabarau. Ta buɗe, ta duba, ta sake dubawa.

"Bizarki ta mutu tun jiya," ta ce da Faransanci.

Na fara ba ta labarin hanya. Hajiya ta matso za ta sa baki, matar ta ɗaga mata hannu, ta ce ni na biyo ta. Ta kai ni wani ɗaki mai benci ɗaya da taga mai ƙarfe, ta fita da fasfona da wayata ta ja ƙofa. Na ji ƙarar makulli. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Abin da nake tunani ɗaya ne: in aka mayar da ni Kamaru da jan hatimi, ba zan sake shigowa ba, Ummi kuma ba ta da takardar fita. Ita can, ni nan, kogi a tsakani.

Da ta dawo sai ta tsaya tana kallon gaban rigata. Na duba, ashe nono ya jiƙa ta har cikina, ban ma ji ba.

"Ina jaririn?"

Na ce tana Libreville.

"Wa kika bar wa? Ko sayar da ita kika yi?"

Faransancin da na iya duk ya gudu. Na ce wallahi, wallahi, sai hawaye. Ta miƙo mini wayata ta ce na kira, na sa a ji. Na kira Yaya Barira. Tana ɗauka, kukan nan siriri ya cika ɗakin. Matar ta saurara, fuskarta ba ta canza ba. Ta tambayi watanninta, na faɗa. Ta tambayi sunanta, na faɗa. Ta fita.

Da ta sake dawowa fasfon yana hannunta, da hatimin fita, da wani rubutu da ta yi da biro a gefensa wanda ban iya karantawa ba.

"Wuce," ta ce. "Amma in kika zo mini babu sabuwar biza, ba za ki taka gadar nan ba, ko 'ya'ya goma kika bari."

Ranar Laraba da yamma muka shiga Yawunde, muka sauka a unguwar Hausawa, gidan wata 'yar uwar Hajiya da kowa ke kira Goggo. Ranar Arfa da sassafe muka je ofishin biza muka bi layi. Mutumin da ke taga ya karɓi fasfon, ya tsaya a kan rubutun biron nan ya ɗan jima. Sannan ya ce gobe hutun sallah ne, sai ranar Litinin. Na roƙe shi. Ya ce ba shi ke sa hannu ba, mai sawa kuma ya riga ya tafi. Ya rufe taga.

Da muka koma gida jikina ya ɗauki zafi. Mutanen gidan suna azumin Arfa, ana ta daka da wanke-wanke, ana goge kayan sallah, ni ina kwance bisa tabarma ina karkarwa. Nonon hagu ya yi ja, ya kumbura har hammata, ko zane ya taɓa sai na yi ƙara. Na matsa, ba ya fita. Goggo ta dafa ruwa ta gasa mini da tsumma, ta duba ta girgiza kai. Na ji tana gaya wa Hajiya a bakin ƙofa cewa in ya tara ruwa sai an tsaga a asibiti, kuma wanda aka tsaga ba kasafai yake sake kawowa ba.

Da la'asar Yaya Barira ta kira ni da kanta.

"Ƙanwata, akwai maganar da zan hwaɗa miki, ki yi haƙuri."

Na tashi zaune. Na riga na gama yanke abin da za ta faɗa. Na ce, "Ta rasu?"

"Subhanallahi! Mi ya kawo wannan? Tana nan da ranta. Amma ta ƙi madarar nan sam, ɗan abin da ta sha kuma zawo ya sa ta. Jiya maɗigarta ta faɗa, idanunta suka shige, kukan ma ta daina. Muka kai ta likita aka ƙara mata ruwa. Da muka komo na kasa kallonta haka, na sa ta a nonona. Ta kama. Ban tambaye ki ba, Malam Sabi'u kawai na tambaya. Kin san abin da wannan ke nuhi tsakaninta da Habu har abada."

Na jingina da bango, waya a kunnena. Ta yi ta kiran sunana.

"Yaya," na ce, "tana sha yanzu?"

"Ga ta nan a ƙirjina. Saurara."

Ta kai wayar kusa. Na ji ƙarar haɗiya, kwat, kwat, da ɗan numfashin nan da take yi ta hanci. Na kifa kaina a gwiwa. Daɗi ne ko kishi ne, har yau ban iya rabe su ba.

Ranar sallah aka tafi idi aka bar ni. Ina jin kabbara daga nesa, daga baya na ji kukan ragon gidan ya yanke, hayaƙin babbaka ya shigo ta taga. Aka kawo mini hanta ban iya ci ba. Da hantsi Goggo ta shigo riƙe da jinjiri, jikanta, uwarsa Zulai tana biye da ita tana sunkuyar da kai.

"Ruwan zafi ya yi iya nasa," in ji Goggo. "Abin nan bakin yaro kaɗai zai buɗe shi. Na tambayi ubansa ya yarda. Kira mijinki."

Na kira. Malam Sabi'u ya ce, "Ki ba shi. Wata ta ba tamu."

Yaron ƙato ne, mai ƙarfin baki. Da ya kama na ga wuta a idona, na ciji mayafina, Hajiya ta danne mini kafaɗu. Ya ja, ya saki ya yi kuka, Goggo ta mayar da shi. Can sai na ji wani abu ya saki a ciki kamar an kwance ƙulli. Ya yi ta sha har ya yi barci. Zulai tana zaune a gefe tana kallon ɗanta a jikin baƙuwa, ta kasa ɗauke ido. Ni kaɗai na san abin da take ji. Har na bar gidan, safe da yamma takan kawo mini shi da kanta. Zazzaɓin ya sauka kafin Lahadi.

Yanzu in na ga 'yan matanmu sun sayi tikiti ta waya sun je Yawunde sun dawo, suna kiran gida da bidiyo daga cikin mota, sai na yi murmushi kawai. Sun ce har yanzu akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa, kuma ransu yana ɓaci.

Ranar Litinin muka koma ofishin biza, Hajiya ta tura ni gaban tagar nan. Mutumin ya zuro fasfon ba tare da ya dube ni ba. Ban iya buɗewa ba, na miƙa wa Hajiya. Ta lashi yatsa tana juya shafi a hankali, kamar mai jan rai. Sannan ta rangwaɗa guɗa a tsakiyar ofishin mutane, har mai gadi ya taso.

Daga nan tasha muka nufa. A gada ban tarar da matar nan mai tabarau ba, wani saurayi ne ya buga hatimi yana hamma. Inda tsauni ya zubo an share, sai jar laka a gefe da fatar ragon nan da aka yanka, an manta ta a kan reshe.

Cikin ruwa na shiga Nkembo, da yamma. Matan gidanmu suna layi da bokitai suna kwashe kwata. Na ratsa su da jakata a ka, na faɗa ɗakin Yaya Barira. Ummi tana kan gado, ta rame, wuyanta ya fito, amma idanunta tar. Na ɗauke ta. Ta kalle ni, ta kalli Yaya Barira, ta taɓe baki ta fashe da kuka tana miƙa mata hannu.

Na zauna na ba ta nono. Ta kawar da kai. Na juya ta ɗaya gefen, ta sandare ta tokare ni da ƙafa. Duk tsoron da na ji a daji da ɗakin nan mai makulli bai kai wannan ba. Malam Sabi'u yana tsaye a ƙofa, ya kasa shigowa ya kasa fita.

"Ba ta san ni ba, Yaya."

"Ta san ki. Warin mota da hanya kike yi, shi ta ƙi."

Ta kwance zanen goyonta, wanda ya sha gumi da tumbuɗin yara biyu, ta yafa mini a kafaɗa ta rufe mini ƙirji da shi. Ta ɗauki Habu, ta kori malam daga ƙofa, ta ce kowa ya yi shiru kada yarinya ta ji muryarta, ta fita cikin ruwan ta ja labule.

Ummi ta yi ta kuka har ta gaji. Ta cusa fuska cikin zanen tana shinshina. Ban motsa ba, ko numfashi a hankali nake yi. Ta buɗe baki ta laluba, ta saki, ta sake laluba. Sannan ta kama.

Daga bayan labule na ji raɗar Yaya Barira: "Ta kama?"

Ban amsa ba, don kada Ummi ta saki.